Mai Indararo Shi Ke Da Kuɗin Kwata: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokokin Jihar Kano

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dokokin Jihar Kano, da sauran wakilanmu na mazaɓu 40.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya yi riƙo da hannuwanku, ya sa ku sauke nauyin da aka ɗora muku lafiya.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu. Da yawun dattawan garin da manomansa da iyayenmu mata nake wannan rubutu, bayan zaman da muka yi a ƙofar gidan dagaci. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, don kada a ce da wane nake. Ko na kama ma ba abin da zai ƙara, domin ciwon da ke damunmu shi ke damun duk ƙauyen da birnin Kano ya cim ma, ko a Dawakin Kudu yake, ko Gezawa, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa, ko Madobi, ko gefen Kumbotso da Ungogo inda har yanzu ake huɗa.

Tun muna yara mun tashi da wata ƙa'ida da ba a taɓa rubuta ta a takarda ba: ba a juya indararo ya kalli gidan maƙwabci. In mutum ya yi sabon soro ya saki ruwansa a tsakar gidan wani, maganar ba ta kaiwa gaban alƙali. Mai unguwa zai zo ya tsaya, ya ce a juya, kuma mai soron ya yaɓe abin da ruwan ya zubar. Ba wanda ke cewa ai ruwan sama na Allah ne. Kowa ya san na Allah ne, amma hanyar da aka saka shi ta mai gini ce. Roƙonmu gare ku bai wuce ku ɗauki wannan ƙa'ida ta iyaye ku mai da ita doka a kan masu yanka gonaki suna sayar da fulotai, da masu gina rukunin gidaje ba.

Ga yadda abin ya faro. Arewa da garinmu tudu ne, jigawa mai rairayi, gonakin gero da gyaɗa da wake. Cikin 'yan shekarun nan masu kuɗi suka saye su ɗaya bayan ɗaya, dillalai suka zo da igiya da turaku suka yanka su ƙafa 50 ba 50. Awon igiya dai da kuka sani. Lungunan da suka bari, in kura biyu ta 'yan garuwa suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya, balle a yi zancen wurin lambatu. Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: gonar gadonmu tana ciki. Yayana ya kawo maganar, na sa hannu, na karɓi rabona na aurar da 'ya. Ranar ba wanda ya yi tunanin ruwa a cikinmu, har ni mai koyar da shi a allo.

Lissafin ba shi da wuya, 'yan aji ɗaya ma suna yin sa. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fuloti 50 ba 50 ya kai murabba'in mita 232. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita 11,600 ke sauka a kan fulotin nan guda, wato jarka 464 irin ta 'yan garuwa. Lokacin da wurin yake gona, rairayi ke shanye mafi yawansa, kunyoyi su tare saura, da safe ka ga ƙasa ta yi luf. Yanzu kwano ne a sama, daɓen siminti ko intalok a ƙasa, katanga ta kewaye, an huda ƙasanta an saka bututu ya kalli waje. Mun bi mun ƙirga fulotai sama da 300 a tudun nan. In duka suka ginu, ruwan dare ɗaya ya doshi lita miliyan 3 da rabi, fiye da cikin tankar mai 100 mai ɗaukar lita 33,000. Rabi kawai aka gina zuwa yanzu. Kuma ruwa bai san wata hanya ba sai gangare, gangaren kuwa mu ne.

Abu na biyu shi ne kududdufi. Tsakanin tudun da gari akwai wani babba, wanda kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Ba zan wanke shi tas ba: yana tara sauro, kuma ya taɓa cin yaro ina ƙarami. Amma shi ne randar garin. Duk abin da ya gangaro, nan yake fara zama, ya huce, ya nitse a hankali, shanu su sha har tsakiyar rani. Wata rana muka ga tifofi suna juye shara da ɓaraguzai a ciki. Kafin damina biyu an baje, an kafa turaku, an sayar. Wanda ya saya a nan ma abin tausayi ne, don ko da rani bangonsa a jiƙe yake, gishiri-gishiri na fitowa a jikin bulo. Abin da aka yi wa kududdufai da yawa a cikin birni ke nan, kowa kuma yana ganin yadda titunan suke komawa in hadari ya sauke.

Abin da ya biyo baya, a gidanmu na gan shi. Cikin markar bara, ruwa ya tsinke bayan isha'i. Wajen ƙarfe biyun dare na ji muryar Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, daga sashenta: "Malam! Malam! Ka fito, bangon nan yana motsi." Na diro daga gado sai na ji ni cikin ruwa har ƙauri. A tsakar gida ya kai gwiwa, ja wur, yana gudu kamar an buɗe dam. Na haska fitila, abin da na fara gani yana yawo a kai shi ne takardun buhun siminti, uku ko huɗu. Babu mai gini da siminti a layinmu. Ruwan da kansa ya zo da shaidar inda ya fito. Na ce, "Gwaggo, kama wuyana." Ta ce sai an ɗauko mata akwatinta. Na goya ta, ɗana ya ɗauki akwatin a ka, ba mu kai zaure ba muka ji rugum, bangon gabas ya zauna. Akuyarta ɗaya tana ɗaure a turke, ba wanda ya tuna da ita sai da gari ya waye. Rumbun bai faɗi ba, amma bayan kwana uku da muka buɗe, dammunan ƙasa duk sun yi tsiro. Gidaje 11 ne suka rasa ɗaki ko katanga a daren. Allah ya tsare ba a rasa rai ba.

Gidan nan ya haura shekara 60 a wurin. Ya ga ruwan 1988, shekarar da dam ɗin Bagauda ya fashe, bai gezau ba. Saboda haka mai cewa damina ce ta canza, mun ji, mun kuma yarda ana samun ruwa mai ƙarfi, amma tudun ne ya fi canzawa.

Gonakin da suka rage mana a kudu su ma ba su tsira ba. Ruwan da a da yake bazuwa yanzu a dunƙule yake zuwa, ya yanka kwari a tsakiyar gona, ya kwashe takin da mutum ya ci bashi ya zuba, ya je ya juye yashi a fadama ya binne shinkafa. Wani dattijo a cikinmu yanzu gonarsa biyu ce ba tare da ya sayi ko taku ɗaya ba, kwari ya raba ta, sai ya zagaya yake zuwa ɗaya ɓangaren. Ga rijiyoyi: in shaddodi suka cika suka tumbatsa, a ciki suke ƙarewa, sati biyu bayan nan kuma sai a fara jigilar yara asibiti da amai da gudawa. Hanyar burjin da ke fitar da mu bakin titi takan yanke sau biyu ko uku kowace damina.

Mun kai kuka. Mun je ofisoshi uku, kowanne ya karɓe mu da mutunci ya nuna mana ƙofar na gaba. Dagaci ya aika aka kira ɗaya daga cikin masu filayen. Ya zo da motarsa, ya cire takalmi, ya yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fili na sayar, ban sayar wa kowa ruwan sama ba. In akwai dokar da ta ce in gina kwata, a nuna mini, gobe in fara." Muka yi tsit. Na ji haushinsa ranar, amma da na kwana na tashi sai na ga ya taimake mu, don ya nuna mana inda ramin yake.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin doka, amma ku bar ni in faɗi yadda muke ganinta daga nan. Jadawali na 4 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa gina magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da takardar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba birni ba. Hukumar tsara birane, KNUPDA, ita ke duba taswira ta ba da izinin gini a birni. Mu kuwa mun zama jemage: a takarda ƙauye, a ƙasa birni. Cinikin fili a nan yakan ƙare ne da 'yar takarda, shaidu biyu da sa hannun mai unguwa. Akwai kuma asusun kula da muhalli da aka kafa a 1981, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kaso daga ciki. To amma wannan kuɗin jama'a ne. In mutum ya sayi gona ya yanka ta 40 ya ninka kuɗinsa, sannan a ɗebo daga baitulmali a gyara ɓarnar da cinikinsa ya haifar, an koma kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Ba mu ne farkon waɗanda birni ya gangaro wa ba, kuma wasu sun daɗe da samo maganin. A jihar Texas ta Amurka an yi doka tun 1987 da ta ba birane damar karɓar kuɗi daga mai sabon gini, sau ɗaya, don hanyoyi da ruwan sha da magudanan ruwan sama da gininsa zai buƙata. Abin da ya burge ni shi ne takunkumin da aka saka wa hukumar kanta. Sai injiniya ya tsara ayyukan da za a yi an san kuɗinsu, sai an kira jama'a an saurare su, kuɗin a asusu na daban ake ajiye shi, ba a taɓa shi don gyaran tsofaffin ayyuka, in kuma shekara 10 ta wuce ba a kashe shi a kan abin da aka karɓa dominsa ba, a mayar wa mai shi. A Ingila, tun 2010 ƙananan hukumomi na iya karɓar irin wannan kuɗi gwargwadon murabba'in mitar sabon gini, ana ware kashi 15 cikin 100 a ba unguwa ko ƙauyen da aka yi ginin, wani wurin har kashi 25, kuma wanda ya gina gidan da shi da kansa zai zauna ana iya yafe masa. Birane da yawa a Jamus suna auna faɗin rufi da daɓen da ke hana ƙasa shan ruwa, a kansa suke yanka wa mai gida kuɗin ruwan sama. In an ce waɗannan Turai ne, ga Kef Tawun a Afirka ta Kudu, can ma mai gina rukunin gidaje yana biyan kasonsa na tituna da magudanai.

Akwai wata shari'a da nake so ku duba, don kada a ce mun zo ne a tatsi masu kuɗi. A garin Tigard na jihar Oregon, wata mai shagon kayan famfo ta nemi izinin faɗaɗa shagonta da shimfiɗe wurin ajiye motoci. Hukumar garin ta ce sai ta sallama wani yanki na filinta da ke bakin rafi saboda ambaliya, da wani don hanyar keke. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 1994 kotun ta ba matar gaskiya, ta ce abin da za a nema a hannun mai gini dole ya yi daidai da nauyin da gininsa ya jawo. Mu ma iyakar abin da muke nema ke nan. Wanda ya saki jarka 400 ya biya na 400, wanda ya saki tanka 100 ya biya na tanka 100.

Na san abin da za a ce. Za a ce mai fili zai ɗora kuɗin a kan mai saye, fuloti ya ƙara tsada. Zai ɗora wani abu, babu shakka. Amma ku tambayi malamin firamaren da ya yi shekara biyar yana adashi ya sayi fuloti a cikin tsohon kududdufinmu, wanne ya fi masa: ƙarin da zai biya ranar ciniki, ko buhunan yashin da yake jerawa a ƙofa duk shekara da katifar da yake shanyawa a kan katanga? Yana biya yanzu ma, a hankali ne kawai, kuma ba ya samun kwata. Za a kuma ce haraji ya yi wa mutane yawa, kuma kuɗin zai bi ta inda na baya suka bi. Wannan tsoron namu ne mu ma, shi ya sa rabin roƙonmu a kan tsare kuɗin yake.

Ga abin da muke roƙo.

Ku yi dokar kuɗin magudana. Duk wanda zai yanka gona ya sayar da fulotai da yawa, ko ya gina rukunin gidaje, ko gidan mai, ko sito, ko wurin biki, ya biya sau ɗaya kafin ya sayar da fulotin farko ko ya sa harsashi, gwargwadon faɗin ƙasar da za a rufe. Adadin fulotan da dokar za ta fara aiki a kansu, ku da masana za ku yanke. Kuma dokar ta bi birni duk inda ya kai ƙafarsa, kada ta tsaya a iyakar da aka shata lokacin da wuraren nan suke daji.

Wanda ya ce shi zai gina da kansa, a bar shi, a cire masa daga abin da zai biya. Sharaɗi ɗaya: kwatar ta kai ruwan har inda zai sauka lafiya, rafi ko tafkin da aka tanada, injiniya ya gani ya sa hannu. Mun ga wani rukunin gidaje da aka yi wa lambatu mai kyau na kankare, ya bi layi-layi har bakin katanga, daga nan ya buɗe baki a gonar mutane. Wannan ai indararo ne aka ƙara wa tsawo.

Talakan da ke gina ɗaki biyu a filin gadonsa don ya zauna da iyalinsa, a ɗauke masa. In dokar ta koma ana bin mai ɗora bulo 200 da rasit, alhali mai fuloti 200 ya wuce ta waya, gara ba a yi ta ba.

Kuɗin ya zauna a asusu na daban, kuma abin da aka karɓa a wani kwari a kashe shi a wannan kwarin, tun da ruwa gangare yake bi, bai san iyakar mazaɓa ba. A liƙa abin da ya shiga da abin da ya fita a allon sakatariya da ƙofar gidan dagaci, da Hausa, da boko da ajami. A ware wa ƙauyen da ruwan ke sauka a kansa kaso don yasar kwata da ƙananan kwalbatoci. A sa wa'adi, in ya cika ba a yi aikin ba a mayar wa mutane kuɗinsu.

Sai wurin da za a kama zaren, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Mai awon igiya ba ya zuwa ofis, amma ba ya iya sayar da ko taku ɗaya sai da sa hannun mai unguwa ko dagaci, don mai saye ba zai yarda ba. To a haɗa biyun: ba sa hannu sai an ga rasit da taswirar da ta nuna hanyar ruwa. Iyayenmu masu unguwanni za su buƙaci goyon bayan hakimai da masarauta a kan wannan, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ce wa mai kuɗi a'a alhali ga alheri an ajiye a gefen tabarma. A yanka musu wani abu na halal daga cikin kuɗin, a kuma hukunta wanda ya sa hannu a ɓoye.

A bi ƙauyukan gefen birni a rubuta kududdufai da hanyoyin ruwan da suka rage, a kafa musu alama, a haramta cike su. Ba sai an ɗauko ɗan kwangila daga nesa ba. Tsofaffin kowane gari sun san inda ruwa ke bi tun kafin a haife mu, ɗaliban jami'o'inmu na Kano da Wudil kuma za su iya sa shi a taswira cikin hutu ɗaya.

Ɓarnar da ta riga ta faru kuwa, sabuwar doka ba za ta koma baya ta gyara ta ba. Masu filayen da har yanzu suke da fulotai a hannu su biya a kan abin da ya rage. Sauran muna roƙon ku sa shi a kasafin kuɗi, ko daga kason muhalli, a fitar mana da babbar magudana ɗaya daga gindin tudun zuwa rafi tun da rani. In aka bari sai hadari ya haɗo, ruwa zai wanke simintin tun bai kama ba.

Mu ma da namu laifin. Ledar da ke toshe 'yar kwalbatin da muke da ita ba daga birni aka kawo ta duka ba. Ƙungiyarmu ta ɗauki alkawarin aikin gayya sau biyu a shekara, kafin ruwan fari da tsakiyar damina, kuma mun fara.

In za ku saurari jama'a a kan wannan, muna roƙon kada a yi zaman a ɗakin taro na otal. Ku turo kwamitinku na muhalli ko na filaye ya zo nan. Mun aika wa ɗan majalisarmu kwafin wannan wasiƙa da sunan garin da sa hannun masu gidajen nan 11. In da hali ku zo cikin Agusta, washegarin ruwa. Mota za ta tsaya a bakin titi, daga nan za mu tanadi babura, amma wajen kwarin sai an naɗe wando. Gwaggo ta hana a kwashe ƙasar bangonta, ta ce a bar ta sai manya sun zo sun gani.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Naku,
Sakataren ƙungiyar ci gaban gari, a madadin dattawa da jama'ar ƙauyen.